Harafin da ke ɓacewa a bakin ɗaliban Tajaye

A wani ajin siziyam, wato ajin farko na kwaleji, a Tajaye ta Nijar, mushe (malami) ya rubuta "hungry" a allo, yara suka ɗauka baki ɗaya: "angiri". Yunwa aka nufa, sai ga fushi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaran nan tun asuba suke cewa hatsi, hannu, hura. Hausar Adar ma ta fi ta Kano yawan "h", don inda Bakano ke cewa tafi, mu tahi muke cewa. To, a ina ta ɓata?

Shekara shida ta firamare ce ta haɗiye ta. Yaro ya saba da Faransanci, inda ake rubuta "h" ba a furta ta, kuma sai ya shiga kwaleji yake gamuwa da Ingilishi. Idonsa ne ke karatun, kunnensa bai taɓa jin kalmar ba. Sau da yawa malamin shi ma a littafi ya tsince ta.

Da can wannan bai dami kowa ba, tunda cinikin albasar Galmi da sumuntin Malbaza da Hausa ake yinsa, haka ma tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Sakkwato. Yanzu abin ya sake. A watan Maris na 2025 Nijar ta ɗauki Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harshen aiki. Ga samari masu tsallakawa Sakkwato neman karatu, ga waya a hannun kowa.

Wayar ta kawo gyara, don yanzu yaro na jin kalma kafin ya gan ta a rubuce. Sai dai mai kwaikwayon abokansa na ƙetaren iyaka yakan dawo da "h" ɗinsa, ya kuma kwaso rikicin "p" da "f". Wannan da sauƙi. Asarar da ta fi ci mini rai ita ce kunya: ɗalibar da aka yi wa dariya sau ɗaya takan kulle bakinta har ƙarshen shekara.

A ganina kuskuren yana wajen bi ta Faransanci. Ran nan mushen ya ajiye alli, ya ce su faɗi "hankali" sau uku, sannan su koma allo. Kafin a kaɗa ƙararrawa, ajin duka ya iya kalmar.