Idan Shafin Jami'a Ya Ce Takardarka Ta Yi Nauyi

Da zarar hukumar JAMB ta saki sakamako, jami'o'i kuma suka buɗe shafukan tantance ɗalibai, sai shagunan kwamfuta na Durumi da na Area 1 a Abuja su cika maƙil. Kowa da takardunsa a leda: sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma da hoton fasfo. An cike fom, an biya kuɗi, saura ɗora takardu, sai jan rubutu ya fito cewa fayil ya yi nauyi. Nan aiki ke cijewa, ga layi a baya, ga ranar rufewa ta matso.

Tun daga 2017 da JAMB ta kawo tsarin bayar da gurbi na CAPS, neman gurbin karatu ya koma intanet kusan kacokan, ko Jami'ar Abuja mutum ke nema ko Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya. Dubban mutane ke tura takardu a mako guda, dole kowace makaranta ta sa iyaka don kada rumbunta ya cika ko shafin ya tsaya. Iyakar ba ɗaya ba ce: wata makaranta ta ce hoton fasfo kada ya wuce kilobait 50, wata ta yarda da 100 ko fiye. Abu na farko ke nan, a karanta umarnin da ke gefen wurin ɗorawa, a ga nauyin da ake so da kuma nau'in fayil, JPG ne ko PDF.

Megabait ɗaya kilobait dubu ne da 'yan kai, hoton kyamarar waya kuwa yakan kai megabait 3 ko 4. Ashe wanda ya ɗauki takardarsa da waya ya tura kai tsaye, ya ninka abin da aka nema sau talatin ko fiye. Nauyin nan daga ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoto yake fitowa. Takardar A4 idan aka yi mata sikanin a kan ɗigo 300 a kowane inci, ana samun ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. Idan aka sauko zuwa 150, adadin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma rubutu na nan raɗau a kan allo. Don haka maganar da ta fi amfani a shagon kwamfuta ita ce: “Malam, don Allah a sa shi a 150.” Takardar da aka ɗauka da sauƙi tun farko ta fi wadda aka ɗauka da nauyi sannan aka zo ana matse ta.

Wanda waya kaɗai gare shi ma bai rasa ba. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, da rana, ba tare da fitilar kyamara ba, domin takardar da aka yi wa laminatin ƙyalli take yi. Ya riƙe wayar daidai saman takarda, sannan ya yanke gefuna; tabarma da yatsun da suka fito a hoto duk nauyi ne na banza. Manhajoji irin su Adobe Scan da CamScanner, ko sikanar da ke cikin Google Drive, suna miƙe takarda su fitar da ita a PDF. Cire launi ma yana rage nauyi sosai, amma a yi hattara da takardar da hatimi ko tambarinta mai launi ne, shi kuwa hoton fasfo a bar shi da launinsa. Masu iPhone su lura cewa wayarsu kan adana hoto a nau'in HEIC, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa, sai an juya shi zuwa JPG.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen matsewa. Tsarin JPG, wanda aka fito da shi a 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wasu bayanan hoto, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Kamar shayi ne da ake ta ƙara wa ruwa: kofi na cika, ɗanɗano na gudu. Wasu kan matse hoto, su sake matse wanda suka matse, har lambar jarrabawa ta dishe, C6 ta yi kama da C5. Shafi zai karɓa, domin shi nauyi kaɗai yake aunawa, amma jami'in tantancewa mutum ne, da ido zai karanta. A ganina takardar da shafi ya ƙi ta fi wannan sauƙi, tunda ita nan take za ka san da matsala, ita kuwa mai dishi-dishi sai bayan makonni. Idan an ce kilobait 200, a nemi 180, babu ladan kai ta 30. A ajiye na asali daban, kowane gwaji a faro daga gare shi. Kafin a tura, a buɗe a zuƙo shi, a tabbatar suna, ranar haihuwa, lamba da maki duk suna karantuwa. WhatsApp ma kan matse hoto da kansa, shi ya sa wanda zai aika wa mai shago ya kamata ya tura a matsayin fayil, ba hoto ba.

Akwai shafuka irin su iLovePDF da Smallpdf da ke rage nauyi cikin daƙiƙoƙi, kuma suna aiki. Sai dai takardar da ke ɗauke da lambar NIN da ranar haihuwa ba abin miƙa wa kowane shafi ba ce, gara manhajar da ke aiki cikin wayar kanta. Haka a shago: kwamfuta ce da mutum hamsin suka taɓa a yini, don haka kafin ka tashi ka sa a tura maka takardunka, a goge su a gabanka har daga kwandon shara na kwamfutar.

A kuma tuna cewa ɗora sakamakon sakandare a shafin jami'a bai ɗauke wa ɗalibi ɗora shi a shafin JAMB ba. Shi wannan ana yinsa ne a cibiyar jarrabawar kwamfuta da hukumar ta amince da ita ko a ofishinta, kuma idan babu shi a CAPS, ba a bayar da gurbi.