Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A gidaje da yawa akwai wanda baƙin ciki ya danne shi wata da watanni. Ba ya barci, abinci ba ya yi masa daɗi, kullum yana cewa, "Ni ba ni da amfani." 'Yan'uwa, wannan ciwo ne, yana kuwa da magani. Wani maganin ƙwaya ne, wani kuwa magana ce.

Daga wajen 1960 wani likita a Filadelfiya ta Amurka, Aaron Beck, ya lura masu ciwon nan suna da tunani mai zuwa da kansa yana yi musu ƙarya. Sai ya koya musu su rubuta tunanin, su bincika shi kamar yadda ɗan makaranta yakan sake duba lissafinsa. Wannan hanya ita ce gyaran tunani da hali. Ta taimaki mutane da dama, amma ba ta ishi kowa ita kaɗai ba.

A birnin Siyatil, Marsha Linehan ta yi aiki da mata masu yawan ƙoƙarin kashe kansu. Ta ga in an yi ta ce musu su sake hali, sai su ji ana ɗora musu laifi, waɗansu su daina zuwa. Saboda haka ta haɗa gyaran da karɓar mutum yadda yake. Littafinta ya fito a 1993.

Akwai kuma waɗanda sukan warke, ciwon ya komo. Domin su ne Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa hanyar Beck da koyon natsuwa, watau mutum ya zauna shiru, ya ga tunani ya zo ya wuce, bai bi shi ba. Ana koyo cikin ƙungiya mako 8. Gwajin da suka buga a 2000 ya nuna komowar ciwon ta ragu kusan rabi ga waɗanda ya taɓa kamawa sau 3 ko fiye.

To, in naku ya gwada hanya ɗaya bai sami sauƙi ba, kada ku fid da zuciya. Ku koma wurin likita ku faɗa masa. Kada ya bar shan ƙwaya sai likita ya ce. A gida kuwa ku saurare shi tukuna, kāna ku ba da shawara. In ya ambaci kashe kansa, ku kai shi asibiti ran nan.