Yadda Gusau, Tsafe da Bungudu Suka Shiga Inuwar Zamfara

Sunan Zamfara, wanda a yau ya haɗa ƙananan hukumomi 14 a ƙarƙashin gwamnati guda, ya girmi jihar da ɗaruruwan shekaru, amma ƙasar da ake kira da shi a dā ba ita ce daidai wadda taswira take nunawa yanzu ba. Tsohuwar daular Zamfara ta faro ne daga Dutsi, sannan ta kafa fadarta a Birnin Zamfara kusa da Isa ta yau, inda ta yi ƙarfi har zuwa wajajen 1762, lokacin da Gobirawa, waɗanda suka shigo ƙasar a matsayin baƙi, suka rushe birnin a ƙarƙashin Sarkin Gobir Babari, suka gina Alƙalawa. Daga nan gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin ya sami mazauni a Anka.

Yankin Gusau da Tsafe kuwa a wancan zamani ba Birnin Zamfara yake kallo ba, domin yana cikin abin da ake kira Katsinar Laka, wato ɓangaren ƙasar Katsina na kudu maso yamma, wanda cibiyarsa ita ce 'Yandoto, garin malamai da fatake da ɗalibai suke zuwa daga nesa neman ilimi. Har yanzu sarautun yankin suna riƙe da wannan tarihi: sarkin Gusau shi ne Sarkin Katsina, na Tsafe shi ne 'Yandoto, na Bungudu Sarkin Fulani, a gefe guda kuma ga Kwatarkwashi, tsohon garin da ke gindin dutse, da tasa sarautar.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya fara ɗinke waɗannan ƙasashe, ko da yake ɗinkin bai zo da sauƙi ba. Shehu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin yaƙi ya ɓarke a 1804, kuma a 1805 jama'arsa ta zauna a Sabon Gari, inda Zamfarawa suka karɓe ta saboda tsohuwar gabarsu da Gobir. Sai dai ciyar da runduna mai yawa a lokacin ƙarancin abinci ya yi wa manoma nauyi, har zumuncin ya koma faɗa. Malaman 'Yandoto su ma sun ƙi miƙa wuya, abin da ya sa Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, malamansa suka watse, wanda kuwa asara ce babba ga ilimi ko da daga wane ɓangare mutum ya dubi al'amarin. Daga cikin almajiran Shehu na wannan yanki, Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau, garin da ya zauna cikin shirin yaƙi saboda hare-haren Katsinawan Maraɗi, har mutanensa suka taɓa komawa Rawayya, da ke ƙasar Bungudu a yau, kafin su dawo.

Abin lura shi ne Sakkwato ba ta naɗa wa Zamfara sarki guda ba, yadda aka yi a Kano ko Zazzau. Kowane gari da shugabansa, kowane shugaba kuma yana kai gaisuwa Sakkwato ta hannun wani babban bafade, don haka garuruwan suka haɗu a sama, suka rabu a ƙasa. Turawa da suka ci Sakkwato a 1903 sun bar tsarin kusan yadda suka same shi, suka mai da sarakunan hakiman gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Abin da ya ɗaga Gusau shi ne layin dogo daga Zariya, wanda ya ratsa ta ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo kamfanonin sayen auduga da gyaɗa, da 'yan kasuwa daga Kudu, har manomin Tsafe da na Bungudu suka riƙa haɗuwa a sikeli ɗaya.

Wannan nauyi na kasuwanci ne ya sa Gusau ta zama hedikwata a ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Zamfara daga Sakkwato, yayin da shugabancin majalisar sarakuna ya tabbata a hannun Sarkin Zamfaran Anka, magajin tsohuwar daula. Rabon ya yi daidai, domin ya ba kowane ɓangare haƙƙinsa na tarihi, kuma ya kamata makarantun jihar su riƙa koyar da tarihin 'Yandoto da Kwatarkwashi yadda suke koyar da na Birnin Zamfara.