Akwatin Gilashin da Ya Dace da Dokin Teku

Dokin teku kifi ne, duk da kansa mai kama da na doki da wutsiyarsa mai naɗewa. Masana suna kiransa Hippocampus. A tsaye yake iyo, ba kamar karfasa ko tarwaɗa ba, kuma daga nan mai niyyar kiwonsa zai fara lissafi.

Akasarin akwatunan gilashi na kifin ado suna da tsawo amma ba su da zurfi. Shi kuwa dokin teku, zurfi ne babbar bukatarsa. A lokacin barbara, namiji da mace sukan tashi sama tare suna fuskantar juna, a nan ne macen take zuba ƙwayayenta cikin wata jaka a gaban namijin, domin shi ne mai ɗaukar ciki. Idan ruwan ya yi ƙaranci, sai su iske samansa kafin aikin ya kammala, ƙwayayen su zube a banza. Saboda haka masu kiwo suke son zurfin ya kai santimita 45, ruwan kuma kimanin lita 110 ga namiji da mace na manyan nau'o'i.

Ruwan dole ya zama na gishiri, kusan giram 35 a kowace lita, mai gudana a hankali, da rassan da zai riƙe da wutsiya. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 22 da 24 a ma'aunin Salshiyas, don ƙwayoyin cuta na Vibrio suna yaɗuwa a ruwa mai ɗumi. Malamin da ke sha'awar ajiye shi a ɗakin gwaje-gwaje a Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, sai ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa tun kafin ya sayi gilashin.