Daga Bidet na Faransa zuwa Butar Ƙauye

Tsarki da ruwa bayan biyan buƙata tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma addini ne ya kafa masa ƙa'ida. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta halatta tsarkin hoge da duwatsu, amma ta ce ruwa ya fi tsarkakewa. Da wannan karatu na zaure yara ke tashi.

Turawa sun ƙera wa aikin kaya na musamman a Faransa, tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Shi ne bidet: tasa ce a kan kujerar katako, mutum ya zauna a ware ya wanke jikinsa. Da farko kayan masu hali ne, a ɗakin kwana ake ajiye shi, sai da famfo ya shiga gidaje ya koma ban ɗaki. Italiya ta wajabta shi a sababbin gidaje a 1975. A 1980 kamfanin Toto na Japan ya fito da Washlet, mazaunin masai mai fesa ruwan ɗumi. Amurka da Ingila kuwa takarda suka riƙe.

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona har babu jejin da za a zaga, salga ce a kusurwar bayan gida, buta tana jingine a bakin zana. Da can ta duma ce ko ta ƙasa, sai shantali, yau kuma ta roba ta mamaye kasuwa saboda arha da rashin fashewa. Hikimarta tana ga siririn bakin nan: dama ta karkata, ruwa ya zubo kaɗan-kaɗan, hagu ta wanke. Duk wanda ya ja guga da bazara, lokacin da rijiya ta yi ƙasa, ya san darajar wannan tsimi. Ba ta neman famfo, ba ta neman lantarki.

Rauninta yana ga hannu, kuma ba ƙarami ba ne. Ruwa zalla ba ya kawar da ƙwayoyin amai da gudawa, masu yawan ɓarkewa da damina. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata wanke hannu da sabulu ko toka bayan fitowa, da ware butar ban ɗaki daban, kada a tsoma ta cikin randar sha.