Yadda lissafin raga ya rufe giɓin da ya ɗauke hankalin masana shekara ashirin

A ranar 7 ga Afrilun 2021, cibiyar bincike ta Fermilab da ke kusa da birnin Shikago a Amurka ta sanar da sakamakon da masana kimiyyar fiziks suka daɗe suna dako. Sun auna yadda wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai suna muwon take rangaji a cikin zoben maganaɗisu, kuma awon ya saɓa da abin da lissafi ya yi hasashe. Tun farkon shekarun 2000 aka fara ganin wannan saɓani a cibiyar Brookhaven, ga shi ya sake bayyana. Da yawa suka ɗauka alama ce ta wata ɓoyayyiyar ƙwaya da ilimi bai kai gare ta ba.

A wannan rana dai, mujallar Nature ta wallafa aikin wata tawaga da ake kira BMW, sunan da aka ciro daga biranen Budapest da Marseille da Wuppertal. Saƙonta ya rage wa bikin armashi: mai yiwuwa matsalar tana cikin lissafin ne, ba a halitta ba.

Tushen maganar yana can cikin ƙwayar zarra. Furoton da nutiron, waɗanda suka haɗu suka yi cibiyarta, an gina su ne da wasu ƙwayoyi da ake kira kwak, kuma wani ƙarfi mai tsanani ne ke ɗaure su ta hanyar ƙwayoyin giluwon. Nauyin kwak ɗin kansu bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin furoton ba; saura duk daga wannan ɗauri yake fitowa. An san dokokinsa tun shekarun 1970, sai dai tsananinsa ya sa ba a iya warware su da alƙalami da takarda.

A 1974, Kenneth Wilson ya kawo mafita. A ɗauki sarari da lokaci a mayar da su raga mai ɗigo-ɗigo, a zaunar da kwak a kan ƙulli, giluwon a kan zaren da ke haɗa ƙulli da ƙulli, sannan a bar kwamfuta ta yi aikinta. Dabarar tana da kyau, amma halitta ba raga ba ce, kuma daga nan kurakurai ke shigowa.

Idon ragar yana da faɗi, alhali sarari na gaskiya ba shi da tsaga. Saboda haka dole a maimaita lissafin da idanu daban-daban, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, a bi sawun sakamakon har a hango inda zai tsaya da a ce babu ido sam. Wannan ba abu ne mai arha ba. Da yake ragar tana da fuska huɗu, uku na sarari ɗaya na lokaci, rage faɗin ido da rabi kan ninka yawan ƙulli sau 16. Ga kuma girman akwatin da ragar ke ciki, wanda faɗinsa bai wuce na 'yan furoton kaɗan ba, don haka bangonsa yana shafar sakamako. Shekaru da dama ma ana amfani da kwak masu nauyi fiye da na gaskiya, domin masu sauƙin sun fi cin lokacin kwamfuta.

Sannu a hankali aka ci ƙarfin waɗannan matsaloli. A 2008 tawagar BMW ta fitar da nauyin furoton da danginsa, ya dace da awo. A 2015 ta lissafa bambancin nauyin nutiron da furoton, wanda bai kai kashi 1 cikin 500 ba, bayan ta shigar da tasirin lantarki da ɗan bambancin da ke tsakanin kwak biyu mafi sauƙi.

Me ya haɗa wannan da muwon? Yayin da yake rangaji, kwak na bayyana suna ɓacewa a kewayensa, kuma gudummawarsu ce ɓangaren da ya fi wuyar lissafi. A da, ana ciro adadin ne daga bayanan gwaje-gwajen karo tsakanin elektiron da kishiyarsa. BMW ta lissafa shi kai tsaye a kan raga, da kuskuren da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sai ta sami adadi mafi girma, wanda ya matso da hasashe kusa da awon Fermilab.

Ba a karɓi sakamakon hannu bibbiyu ba, kuma hakan daidai ne, domin tawaga ɗaya ce ta ƙalubalanci bayanan shekaru. Wasu tawagogi suka zaɓi wani yanki na lissafin da ya fi sauƙin tantancewa, kowacce ta bi hanyarta, suka tarar da abin da BMW ta tarar. A 2023 kuma gwajin CMD-3 da ke Novosibirsk a Rasha ya fitar da bayanan da suka saɓa wa na sauran gwaje-gwajen karo, abin da ya girgiza tsohuwar hanyar.

A watan Mayun 2025, gamayyar masanan da ke tsayar da hasashen ta koma kan lissafin raga. Da Fermilab ta fitar da awonta na ƙarshe a ranar 3 ga Yuni, da kuskuren kashi 127 cikin biliyan ɗaya, giɓin ya rufe.

Sauran aiki yana wuyan masu lissafi. Kuskurensu ya ninka na masu awo kusan sau huɗu, kuma har yau ba a gano dalilin da ya sa gwaje-gwajen karo suka saɓa wa juna ba. A Japan, cibiyar J-PARC na shirin sake auna muwon ta wata hanya dabam.