Me ya sa rediyonka ke haɗa tashoshi biyu, ko ya yi ta ƙugi kusa da sola?

A watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah, akwatin rediyo ne ya zama hanyar jin halin da ake ciki. Har yau manomin albasa a Wurno ko mai noman rani a bakin madatsar ruwan Goronyo ba ya rabuwa da shi. Sai dai koken bai sauya ba: kana sauraren Rima Radio ko BBC Hausa, wata tashar ta kutso, ko ƙugi ya danne muryar mai labarai.

Eriya ba ta zaɓe. Duk siginar da ke yawo a iska kwasowa take yi, kuma aikin tacewa na wasu ƙananan na'urori ne da masu gyara ke kira filta. Kamar rariya suke.

Akwai mai barin ƙananan mita su wuce ta tare manya, irin wadda ake sa wa injin watsa shirye-shirye don kada ya yi ɓarin sigina kan maƙwabta. Akwai kishiyarta. Amma wadda ta fi shafar mai saurare ita ce mai buɗe 'yar siririyar ƙofa ga tasha ɗaya ta rufe sauran. A yawancin rediyoyi, duk tashar da ka kamo ana mayar da ita kan mita guda kafin a tace ta: kilohaz 455 a AM, megahaz 10.7 a FM. Filtar kanta 'yar mitsitsiya ce, galibi mai ƙafa uku.

A gajeren zango tazarar kilohaz 5 kacal ke tsakanin tashoshi, a matsakaicin zango kuma 9. Idan ƙofar filta ta yi faɗi, maƙwabciya za ta shigo. Idan ta yi ƙunci ainun, murya ta dushe kamar ana magana cikin tulu. A nan ne rediyo mai araha ke yin tsimi, mai saye kuwa ba zai gane ba sai dare ya yi, lokacin da tashoshin nesa ke cika iska.

Ƙugin kuwa sau da yawa ba laifin rediyon ba ne. Inbatar sola, cajar waya ta bogi da wasu ƙwayayen fitilar LED suna fitar da hayaniyar lantarki, saboda an rage musu tasu filtar don a karya farashi. Idan hayaniyar ta faɗo daidai kan mitar tashar, babu filtar cikin rediyo da za ta iya raba su.

Gwajin ba wuya. Sa batir, cire cajar daga soket, ka fita tsakar gida nesa da inbata. Idan ƙugin ya ɗauke, ba rediyon ne ke buƙatar mai gyara ba. A matsakaicin zango kuma juya akwatin kansa a hankali, domin eriyarsa sandar da ke kwance a ciki ce, ba ta ƙarfen da ake zarowa ba.